Shirin Musamman: Hadda ko Basira? Muhawara kan Buɗin Wasa a Manyan Gasannin Ces

Yau za mu leƙa zauren gasar ces, wasan nan na allo mai gidaje 64 da Larabawa ke kira shaɗaranji, wasu kuma a nan ke ce wa darar Turawa. Akwai wani ƙorafi da ya daɗe yana yawo a bakin masu bibiyar manyan gasanni, har da wasu daga cikin gwanayen da kansu, wai wasan ya tashi daga gwajin basira ya koma gwajin hadda. Suna cewa ɗan wasa zai zauna a gida wata da watanni yana tambayar kwamfuta, ya haddace taku ashirin ko fiye na farkon wasa, ya zo gaban jama'a ya zazzage su, abokin karawarsa ma ya zazzage nasa, a yi musabaha a tashi canjaras. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu share shi ba. Amma abin da zan kare a wannan shiri shi ne, shirin buɗin wasa wani fage ne na gasar kanta, inda ake auna hankalin ɗan wasa da sanin halin abokin hamayyarsa, kuma tarihin manyan wasanni ya nuna hadda ita kaɗai ba ta taɓa ɗora wa kowa kambun duniya ba.

Bari mu fara da abin da ake nufi da buɗin wasa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da kurata takwas a sahun gaba. Mai fararen 'ya'ya ne ke fara taku, kuma yana da zaɓi 20, mai baƙaƙe ma yana da amsa 20. Ke nan kafin a je ko'ina, taku ɗaya daga kowane ɓangare ya isa ya haifar da yanayi 400, daga nan kuma sai lissafin ya yi ta ninkuwa har ya fi ƙarfin ƙirga. Duk wanda ya iya darar gargajiya ya san tun a wajen zuba 'ya'ya cikin gurabu ake gane wanda zai sha wuya, kafin a fara matsa ko ɗaya. To haka farkon ces yake, a nan ake kama tsakiyar allo, a fito da dawakai da giwaye fili, a kai sarki lungu a ɓoye shi bayan kurata. Nazarin wannan mataki ya girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu. Gwanayen shaɗaranji na zamanin Abbasiyawa, irin su al-Adli da as-Suli, sun rubuta tsare-tsaren jera runduna a farkon wasa, kowanne da sunansa. Wannan wasa na Larabawa ne ya bi hanyoyin fatauci har ya iso Borno, inda aka san shi da tsatsarandi. A Turai kuwa, wani limamin coci ɗan Sifaniya, Ruy López, ya wallafa littafinsa a 1561, kuma har gobe da sunansa ake kiran ɗaya daga cikin buɗin da aka fi bugawa a duniya. A ƙarni na ashirin masana a birnin Belgrade suka kasa buɗin wasa gida 500, kowanne da lambarsa. Saboda haka mai cewa kwamfuta ce ta kawo karatun buɗi bai duba baya ba. Abin da ta kawo shi ne zurfi da sauri.

Idan ana son a ga abin da shirin buɗi yake yi a zahiri, sai a koma Landan a shekarar 2000. Garry Kasparov yana riƙe da kambun duniya tun 1985, kuma babu wanda ya kai shi zurfin shiri a zamaninsa. In ya riƙe fararen 'ya'ya, farmaki yake kaiwa tun daga farko, ya cika allo da rikici, a nan kuma yake kayar da mutane. Wanda ya fito ya ƙalubalance shi, Vladimir Kramnik, ya taɓa zama mataimakinsa a karawar 1995 da Viswanathan Anand, don haka ya san shi ciki da bai. Me Kramnik ya yi? Sai ya tono wata tsohuwar kariya a cikin buɗin Ruy López da ake kira kariyar Berlin, wadda aka yi yayinta a ƙarni na sha tara, manyan gwanaye kuma suka daɗe da yi mata kallon kayan da. Da tsohuwar zuma ake magani. A wannan kariya, tun a taku na takwas ake musayar sarauniyoyi, kowa ya rasa tasa. Sarkin baƙaƙe yana rasa damar ɓuya a lungu, ya tsaya a tsakiya, kuratan baƙaƙe biyu kuma su hau layi ɗaya, ɗaya a gaban ɗaya. A ido, mai baƙaƙe ne a ƙasa. Amma da sarauniyoyi suka bar allo, makamin farmakin Kasparov ya tafi da su, aka bar shi da doguwar tafiya ta haƙuri a filin da Kramnik ya fi shi jin daɗi. Sau huɗu Kasparov ya tunkari wannan katanga, sau huɗu ana tashi kunnen doki. Aka gama karawar Kramnik na da maki takwas da rabi, Kasparov na da shida da rabi, kuma zakaran da ya shekara 15 a kan karaga bai ci wasa ko ɗaya ba.

A nan ya kamata mai ƙorafin hadda ya dakata ya yi tunani. Takun kariyar Berlin suna rubuce a littattafai, Kasparov ya san su, kowane gwani ya san su. Abin da Kramnik ya zo da shi hukunci ne game da mutum: ya karanci inda ƙarfin abokin karawarsa yake, ya gane irin yanayin da zai ƙuntata masa, ya kuma yarda ya zauna cikin matsi na sa'o'i saboda ya san zai iya jurewa. Babu na'urar da za ta yanke maka wannan. Irinsa Bobby Fischer na Amurka ya yi a Reykjavik a 1972. Duniya ta san shi da buɗe wasa da kurtun gaban sarki, kusan duk rayuwarsa da shi yake farawa, kuma a kan haka tawagar Boris Spassky ta Tarayyar Sobiyet ta gina shirinta. A wasa na shida sai ya fara da kurtun gaban giwa ta ɓangaren sarauniya, ya shiga buɗin da Spassky ya ƙware a kai, ya doke shi a ciki. Kyawun wasan ya sa Spassky da kansa ya bi 'yan kallo wajen tafa masa. Anand ma a birnin Bonn na Jamus a 2008 ya sauya takunsa na farko da aka saba gani, sannan da baƙaƙen 'ya'ya ya ja Kramnik cikin wani yanayi mai sarƙaƙiya, ya cinye shi sau biyu a buɗi iri ɗaya. Mutumin da ya yi wa Kasparov tarko da zaɓin fili, shi ma da zaɓin fili aka kayar da shi.

To sai mai sauraro ya ce, ai waɗannan misalai na da ne, yanzu manhajar kwamfuta irin su Stockfish ta fi kowane ɗan Adam ƙarfi nesa ba kusa ba, wanda ya haddace abin da ta faɗa ya gama. Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma amsarta tana cikin wani wasa da aka buga a garin Brissago na ƙasar Suwizalan a 2004. Kramnik ne ke kare kambunsa a gaban Peter Leko ɗan Hangari. A wasa na takwas Leko, da baƙaƙen 'ya'ya, ya shiga harin Marshall, inda ake sadaukar da kurtu ɗaya don a buɗe hanya zuwa ga sarkin farare. Kramnik ya zo da shirin gida da aka duba da kwamfuta, yana ta taku cikin sauri ba tare da dogon tunani ba, har ya kai ga ba da sarauniyarsa kamar yadda shirin ya tsara. A ɗaya gefen Leko ya dafe kai, agogonsa na ta cin lokaci, domin kowane taku shi yake lalubo shi da kansa. Duk mai kallo zai ɗauka an gama da shi. Sai ga shi ya kutsa da sarauniyarsa can cikin gidan farare, wani taku da tawagar Kramnik ba ta bar na'ura ta yi nisa a kansa ba. Da farko na'urar ta nuna farare ne da rinjaye, da an ƙara mata lokaci da ta juya hukuncinta. Kramnik ya farga ramin da shirinsa ya jefa shi, amma bakin alƙalami ya bushe, ya sallama. Mai hadda ya faɗi, mai tunani a kan allo ya ci, kuma sai da Kramnik ya ci wasan ƙarshe kafin ya daidaita maki bakwai da bakwai ya tsira da kambunsa.

Shi kansa harin Marshall da irin wannan labari ya shigo duniya. A New York a 1918 Frank Marshall ya fito da shi a gaban José Raúl Capablanca ɗan Kuba. Capablanca ya karɓi kurtun, ya tare farmakin taku bayan taku da lissafin kansa, ya kuma ci wasan. Darasin bai canza ba cikin shekara ɗari: duk zurfin shiri yana da iyaka, kuma daga inda ya ƙare ɗan wasa shi kaɗai ne da allonsa da agogonsa. Hasali ma zurfin shirin ya ƙara haɗari, domin layin da kwamfuta ke zaɓa sau da yawa siriri ne, wanda ya manta taku ɗaya ko ya sa na baya a gaba ya rushe. Ko Kasparov, a wasan ƙarshe da na'urar Deep Blue a 1997, taku ɗaya na kurtu a farkon kariyar Caro-Kann ne ya ba na'urar damar sadaukar da doki ta fasa masa gida, wasan ya ƙare a taku 19. Wanda bai fahimci dalilin kowane taku ba, haddarsa kaya ce a kansa.

Suka ta biyu ita ce yawan canjaras. Masu wannan magana suna da hujja a hannu: a Landan a 2018, Magnus Carlsen na Nowe da Fabiano Caruana na Amurka sun buga dogayen wasanni 12, duka aka tashi babu wanda ya ci, sai a gajerun wasanni na raba gardama Carlsen ya yi nasara uku a jere. Gaskiya ne shirin kwamfuta ya sauƙaƙa wa mai baƙaƙe samun daidaito, kuma kariyar Berlin ɗin nan da muka yaba ta zama mafakar duk mai neman ya tashi lafiya. Ban ga amfanin musun wannan ba. Sai dai a tambaya, shin kafin kwamfuta canjaras ba ya yawa? A Buenos Aires a 1927, Capablanca da Alexander Alekhine sun buga wasa 34, aka yi kunnen doki a 25, kuma kusan dukkansu a buɗi iri ɗaya aka buga su. A Mosko daga 1984 zuwa farkon 1985, Anatoly Karpov da Kasparov sun buga wasa 48, guda 40 canjaras, har aka dakatar da karawar ba tare da an sami zakara ba. Capablanca da kansa ya ji tsoron canjaras zai kashe wasan, har ya ba da shawarar a faɗaɗa allo a ƙara sababbin 'ya'ya. Kusan shekara ɗari ke nan, wasan bai mutu ba. Idan gwanaye biyu masu ƙarfi ɗaya suka haɗu, kowa na tsoron kuskure, canjaras zai yi yawa ko da na'ura ko babu.

Kuma a duba yadda karawar 2021 da ta 2024 suka ƙare. A Dubai a 2021, bayan wasanni biyar na kunnen doki, Carlsen ya kauce wa manyan layukan da Ian Nepomniachtchi na Rasha ya shirya, ya zaɓi wani tsari mai sanyi wanda bai ba shi wani rinjaye a farko ba, don kawai a fita daga littafi a yi wasa. Aka kai taku 136, kusan awa takwas, wasa mafi tsawo a tarihin gasar kambun duniya, Carlsen ya ci. Daga ranar Nepomniachtchi bai sake dawowa daidai a karawar ba. A Singafo kuma, ranar 12 ga Disamba 2024, Ding Liren na Sin da Gukesh Dommaraju na Indiya sun shiga wasa na 14 makinsu daidai. 'Ya'ya sun kusa ƙarewa a allo, kowa na da hasumiya ɗaya da giwa ɗaya, Gukesh ya fi da kurtu guda, masana kuma sun riga sun sa ran canjaras. A taku na 55 Ding ya miƙa hasumiyarsa don a yi musaya, ya manta giwarsa na maƙale a kusurwar allo inda za a tilasta musayarta ita ma. Da aka share su, kurtun nan ɗaya ya isa. Gukesh ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. Wannan kambu a taku na 55 aka yanke shi, wurin da babu haddar da ke kaiwa, gajiya da natsuwa ne suka yi hukunci.

Akwai suka ta uku da ta fi shafar irinmu, wato cewa shirin buɗi harkar masu hali ce, domin babban gwani yana ɗaukar tawagar mataimaka, ya yi hayar manyan na'urori. A matakin kambun duniya haka ne. Amma a da lamarin ya fi haka muni. Shekaru da dama ilimin buɗi yana hannun Tarayyar Sobiyet, da makarantunta da mujallunta da masu horarwarta, har sai da Fischer ya koyi karanta Rashanci don ya san abin da suke rubutawa. Yau Stockfish kyauta ce, ana sauke ta a wayar hannu, kuma dandalin Lichess na intanet yana ba kowa damar duba miliyoyin wasanni ba tare da biyan ko kwabo ba. Yaron da ke Kano ko Damagaram yana iya bin wasan Kramnik da Leko taku bayan taku, ya tambayi na'ura inda aka kuskure. Sakamakon wannan sauyi a bayyane yake: a gasar ƙasashe ta duniya da aka yi a Budapest a 2024, Indiya ce ta ɗauki zinare a ɓangaren kowa da kowa da kuma na mata, da matasan da suka tashi a zamanin kwamfuta. Na'urar da ake zargi da lalata wasan ita ce ta fasa rumbun da ƙasa ɗaya ta kulle.

Saura maganin da wasu ke bayarwa. A 1996 a Buenos Aires, Fischer ya gabatar da wani salo inda ake hargitsa jerin manyan 'ya'ya na sahun baya kafin a fara, a sami tsarin farawa 960, ta yadda babu mai iya haddace su duka. Carlsen, wanda ya ƙi kare kambunsa a 2023, yana cikin masu tallata wannan salo a yau. Salo ne mai daɗin kallo, kuma ya cancanci gasanninsa. Amma a lura da waɗanda ke cin sa: Wesley So ya zama zakaransa a 2019, Hikaru Nakamura a 2022, Carlsen kuma ya ci wasa tara cikin tara a wata babbar gasarsa a Jamus a 2025. Su ne dai manyan gwanayen ces ɗin da aka sani. Da hadda ce ta ɗaga su, da cire ta ya tona musu asiri, sai ga shi an cire ta suna nan a sama. Abin da za a yi asara in aka watsar da tsarin farawa na asali kuwa babba ne, domin shi ne ya haɗa wasan Capablanca na 1918 da na Leko na 2004 a zance ɗaya, wani ya kawo tambaya, wani ya amsa bayan shekara tamanin da shida. Wasa kaɗan ne a duniya ke da irin wannan doguwar muhawara a rubuce, wadda ɗan koyo zai iya buɗewa ya bi da hannunsa.

Hukuncina shi ne a bar salon Fischer ya yi tafiyarsa a gefe, a kuma bar ces na asali da buɗinsa, domin laifin da ake ɗora wa shirin buɗi ya fi abin da ya aikata. Ku kuma matasa da kuka fara koyon wasan nan a makarantu ko a wayoyinku, kada ku ɓata watanni kuna haddace taku ashirin na buɗin da ba ku san dalilinsa ba. Ku zaɓi buɗi ɗaya da farare, kariya ɗaya ko biyu da baƙaƙe, ku bi cikakkun wasannin gwanayen da suka buga su tun daga farko har ƙarshe, kuna tambayar kanku me ya sa aka yi kowane taku, sannan ku ba ƙarshen wasa lokaci mai yawa.